Ɗan Kallo da Tseren Mota: Nazari daga Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

Duk wasan da ake yi a bainar jama'a yana da ɓangare biyu, mai yi da mai kallo. Yawancin abin da ake rubutawa kan tseren motoci ya fi karkata ga direba da motarsa: wa ya zo na ɗaya, wane kamfani ya ƙera injin, nawa aka kashe. Wannan nazari ya juya ga ɗaya ɓangaren, wato ɗan kallo, musamman wanda ke zaune a Gwandu ko Kalgo a Jihar Kebbi, inda babu filin tseren mota ko ɗaya amma son gudu ya daɗe a jinin mutane. Abin da nake son nunawa shi ne cewa gudu ba ya zama wasa sai an ware wa ɗan kallo wurin tsayawa inda ransa zai tsira. Manyan gasannin duniya sun koyi wannan darasi bayan an zubar da jini mai yawa. Mu kuwa muna da shi tun zamanin sukuwa, sai dai da babur ya karɓi gurbin doki ba mu ɗauko darasin mun ɗora masa ba.

Gadon sukuwa

Gwandu gari ne da tarihinsa ya haɗu da doki. Daga nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya har rasuwarsa a 1829, kuma hubbarensa na nan ana ziyarta. Kusan duk tsawon ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu, kuma barade ne ƙashin bayan rundunar kowane ɓangare. Da yaƙi ya kau, dokin bai kau ba. Ya koma na hawan salla da kilisa da sukuwa, kuma ko da fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa, al'adar hawa ta bi ta.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon jafi ya san inda gwanintar take. Mahaya su jeru, su saki linzami, su taho a sukwane kamar za su bi ta kan sarki, sai a taku kaɗan su ja dawakin su tsaya cak, ƙura ta tashi, a ɗaga hannu a yi jinjina. Kowane yaro na iya sakin doki ya yi gudu. Abin da ke sa maroƙa su ɗauki kirari, mata su rangaɗa guɗa, shi ne tsayawar. Akwai kuma abin da ido ba ya cika lura da shi saboda sabo: an share fili, dogarai na riƙe da bulala suna mayar da jama'a baya, kowa ya san inda mahayi zai bi da inda ƙafar ɗan kallo ba ta ƙetarewa. Idan aka duba da kyau, ginshiƙan da tseren mota na zamani ya tsaya a kansu duk suna nan: keɓaɓɓen fili, masu tsaron iyaka, da gwanintar birki.

Yadda babbar gasa take

Mafi shahara a tseren motoci ita ce Formula 1, wadda aka fara gasarta ta duniya a filin Silverstone na Ingila ranar 13 ga Mayu, 1950. A kakar 2024 an yi tsere 24 a ƙasashe daban-daban, da ƙungiyoyi 10, kowace da mota biyu. Tsere ɗaya yakan kai kilomita 305 ko ya ɗara kaɗan, ana zagaya fili guda har sai adadin ya cika, kuma yakan ɗauki kamar sa'a ɗaya da rabi. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, a yi ta raguwa har na goma mai maki ɗaya. A ƙarshen shekara ake tara maki a fitar da zakaran direbobi da zakaran ƙungiyoyi.

Sabon ɗan kallo yakan ɗauka cewa wanda ya fi taka totur shi ke cin tsere. Wanda ya daɗe yana bi ya san yawancin wuce abokin hamayya a bakin kwana ake yinsa, wurin taka birki. Motar da ke gudun sama da kilomita 300 a sa'a tana iya saukowa ƙasa da 100 cikin sakan uku ko ƙasa da haka, kuma direban da ya iya jinkirta birki da ɗan taƙi ba tare da ya zarce ba shi ke shiga gaba. Wannan shi ne jafin mota. Haka nan canjin taya, wanda mutum kusan ashirin ke yi cikin sakan biyu da 'yan kai. Ƙungiyar McLaren ta yi shi cikin sakan 1.8 a Ƙatar a 2023. Irin waɗannan abubuwa ne ke raba mai kallon ƙura da mai kallon wasa.

Afirka kuwa ta daɗe ba ta ga wannan gasa a ƙasarta ba. An yi ta a Kasabalanka ta Maroko a 1958, aka yi ta shekaru da dama a Afirka ta Kudu, kuma tseren ƙarshe a filin Kyalami ya kasance a 1993. Lewis Hamilton, ɗan Ingila baƙar fata wanda ya ci kambun duniya sau bakwai, ya sha kira da a dawo da ita nahiyar, kuma a Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman karɓar baƙuncinta. A halin da ake ciki, filin da ya fi kusa da zuciyar Bahaushe shi ne na Jidda, birnin da alhazanmu suka sani, inda aka fara tsere a bakin teku a 2021.

Ɗan kallon allo

Tunda filin ya yi nisa, mai sha'awar wannan gasa a Kalgo ko Gwandu ta allo yake binta, kuma nan ma akwai shingaye. Tseren da ake yi a Turai yawanci yana farawa da ƙarfe biyu na rana agogon Najeriya, ranar Lahadi. Daidai wannan lokaci ne ake buga ƙwallon Firimiya ta Ingila idan kakarta ta kama. Mai gidan kallo ɗan kasuwa ne, ya sayi man janareta, ya biya kuɗin tashoshi, ba zai juya allo ga mutum uku ya bar hamsin suna jiran ƙwallo ba. Ga shi kuma tseren Turai yana faɗowa ne daga Mayu zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da gona ke neman mutum, hadari kuma ke ɗauke hoton tauraron ɗan'adam.

Saboda haka wayar hannu ta zama filin. Wata Lahadi da yamma na zauna a teburin mai shayi kusa da mararrabar Kalgo, inda hanya ke rabuwa ta nufi Bunza da Kamba. Wasu samari huɗu, da alama ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne, wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo, sun haɗa kai a kan waya ɗaya da aka jingina da gwangwanin madara. Taƙaitaccen tseren ranar suke kallo, na 'yan mintuna, domin kuɗin data ba zai ɗauki tseren duka ba. Ɗaya na bayan Hamilton, ɗaya na bayan Max Verstappen, ɗan Holan da ya ci kambu huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma har yanzu suna musu a kan yadda aka ƙare tseren Abu Dabi na 2021, inda kambu ya suɓuce wa Hamilton a zagayen ƙarshe. Wani ɗan kabu-kabu da ya tsaya shan shayi ya leƙa, ya tambayi mai wayar: "Malam, wagga mota lita nawa taka sha?" Aka gaya masa ba a ƙara mata mai a tsakiyar tsere, da abin da aka zuba tun farko za ta ƙare. Ya jinjina kai, ya ja benci ya zauna, bai tashi ba sai da hoton ya ƙare.

Wannan ɗan zama ya nuna mini abu biyu. Na farko, sha'awar ba ta tsaya ga 'yan boko ba. Mutumin da abincinsa ke kan inji yana da tambayoyin da suka fi na ɗalibi kaifi, domin ya san zafin inji da cin taya da tsadar mai a jikinsa. Na biyu, ɗan kallon allo yana ganin gudu amma ba ya ganin shingen. Kyamara na bin mota, ba ta tsayawa a kan katangar tayoyi, da ragar ƙarfe, da filin tsakuwa da aka shimfiɗa don rage gudun motar da ta kauce, da masu tuta da ke tsaye a kowace kwana. Yaron da ya tashi daga kallon ya hau babur ya ɗauki rabin darasi ne kawai, kuma rabin da ya bari shi ne mai tsare rai.

Ɗan kallon bakin hanya

Akwai wani nau'in tsere da ba a zagaya fili, wato rali, inda ake bin hanya mai nisa daga gari zuwa gari. Shi ne wanda ƙasar Hausa ta gani da idonta. Ralin Paris zuwa Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba, 1978 da ababen hawa 182, kuma 74 ne suka isa Dakar a Janairun 1979. Hanyarsa ta ratsa Aljeriya ta shigo Nijar ta Agadas ta wuce Yamai. Shekaru da yawa bayan haka Nijar ta kasance zuciyar wannan tsere, musamman hamadar Tenere, inda guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40 a 1983. Da Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu, 1986, a Tenere aka watsa tokarsa.

Agadas ta ci moriyar ralin. Masu masauki da makanikai da maƙeran azurfa da masu ja-gora a hamada sun samu kasuwa, kuma sunan garin ya shiga gidajen Turai ta talabijin. Amma ɗan kallon bakin hanya ya biya farashi mai tsada. Ƙauyukan da motocin ke ratsawa ba su da shinge, ba su da dogari, sau da yawa ma ba a sanar da su sa'ar da ayarin zai iso ba. A 1988 wata yarinya 'yar shekara 10 ta rasa ranta a Mali, a 2006 kuma yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Waɗannan yara ba su sayi tikiti ba, ba su sa hannu a takardar yarda da haɗari ba. Tseren ne ya same su a ƙofar gida. Daga baya matsalar tsaro ta kori gasar: a 2000 sai da aka kwashe 'yan tsere ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke ta baki ɗaya bayan kisan wasu Faransawa a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka daga 2009, sannan Saudiyya daga 2020.

A gida kuwa, abin da ya fi kusa da mutumin Gwandu da Kalgo shi ne ralin Argungu. Bikin kamun kifi na garin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta zama alamar sulhu bayan tsohuwar gaba. Daga baya aka ƙara masa wasanni, har da tseren motoci. Da aka farfaɗo da bikin a Maris 2020 bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, hukumar ƙasa mai kula da ƙira da bunƙasa motoci ta shirya ayarin da ya taso daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka haɗa a Najeriya. Shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, inda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa yaron da ke zanen mota a bayan littafinsa a wannan yanki ba mafarkin banza yake yi ba. Sai dai ralin Argungu ya fi kama da baje koli fiye da gasa mai maki da kaka, kuma yana rayuwa ne da rayuwar bikin. Shekarar da ba a yi biki ba, babu shi. Ɗan kallo ba ya zama mabiyi sai da abin da zai riƙa jira a kan lokaci sananne.

Darasin da aka saya da jini

Turai ma ba ta fara da shinge ba. Ranar 11 ga Yuni, 1955, a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a, ta kashe shi da 'yan kallo sama da 80. Bayan wannan Suwizalan ta hana tseren zagaye a ƙasarta na tsawon shekaru masu yawa, Mercedes kuma ta janye daga tsere a ƙarshen shekarar. A ralin Fotugal na 1986, inda jama'a suka saba tsayawa a tsakiyar hanya su dare sai mota ta iso, wata mota ta kauce ta kashe mutum uku ta raunata da dama, kuma manyan direbobi suka ƙi ci gaba da tseren. A ƙarshen shekarar aka soke rukunin motocin da suka fi ƙarfi a rali. Mutuwar Ayrton Senna a Imola ta Italiya ranar 1 ga Mayu, 1994 ta sa aka sake fasalin kwanoni da jikin motoci. Yau mutum 480,000 na iya halartar Silverstone a ƙarshen mako guda, kamar yadda aka yi a 2023, su koma gida lafiya. Yawan jama'ar ya biyo bayan amincin wurin ne, domin ba mai kai iyalinsa inda bai tabbata zai dawo da su ba.

Dalilin da ya sa shinge ya zama dole lissafi ne mai sauƙi. Abin hawan da ke gudun kilomita 100 a sa'a yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin direba ya ga yaro ya kai ƙafa ga birki, ya riga ya ci tsawon fili mai yawa. Idan kuma gudu ya ninka biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yana ninka huɗu. Wani dattijo da ya yi shekaru yana kiwon dawaki a Gwandu ya taƙaita mini wannan da kalmomin da suka fi lissafin shiga rai. Ya ce: "Ɗana, doki shina da hankali, in ya ga yaro shina kaucewa. Ƙarhe ba shi da ido."

Tseren da ba a shirya ba

Maganar dattijon ta kai mu ga nau'in kallo na uku, wanda shi ne ya fi yawa a garuruwanmu. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya ko dawowa daga taron siyasa, samari kan jera babura su yi ta wasa a kan titi: wani ya ɗaga ƙafar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi, wani ya kwantar da babur har ƙarfe ya riƙa tartsatsi a kwalta. Yara na gudu a gefe suna ihu, mata na leƙe daga zaure. Wannan jafi ne ba tare da dogari ba, a kan hanyar da tirela da amalanke da mai tallan fura ke bi. Ba hular kwano, ba wanda ya tsayar da motoci, ba motar asibiti a kusa. Duk wanda ya zauna a waɗannan garuruwa ya san gidan da murnar biki ta koma zaman makoki ta wannan hanya.

Hukumomi da sarakuna da malamai sun sha hanawa, kuma hanin yana kan gaskiya. Amma hani kaɗai bai kashe abin ba, domin ƙishirwar da ke ƙarƙashinsa ta gaske ce. Saurayi na son a ga gwanintarsa, jama'a kuma na son kallo. Kakanninmu ba su hana sukuwa ba, fili suka yi mata da lokaci da shugaba. Abin da ya dace a yi wa babur ke nan. Fili ɗaya a bayan gari, a Kalgo ko Gwandu, da aka zagaye da tsofaffin tayoyi da igiya, aka bar tazara mai faɗi tsakanin hanya da jama'a, ba zai gagari ƙaramar hukuma ba. A sa ranar tsere bayan an kawar da amfanin gona, a wajabta hular kwano, a raba rukuni bisa girman inji, a gayyato jami'an kiyaye haɗurra da ma'aikatan lafiya, a naɗa masu tuta daga cikin 'yan ƙungiyar kabu-kabu da kansu, a bai wa makanikai kyauta kamar yadda ake bai wa mahaya. Wanda aka kama yana wasa a kan titi a hana shi shiga gasar shekara. Saurayin da ba ya jin tsoron tara zai ji tsoron a cire sunansa daga fili. Idan irin wannan gasa ta zauna a ƙananan hukumomi, zakarunta su haɗu a Argungu lokacin biki, ralin zai samu saiwar da ya rasa.

Kammalawa

Nazarin nan ya bi ɗan kallo a wurare uku: gaban allo, bakin hanyar rali, da gefen titin gari. Na farko yana da aminci amma ya yi nisa da wasan, har ba ya ganin abin da ke tsare rayuka. Na biyu ya ga wasan da idonsa amma ba a tanadar masa kariya ba, kuma wasan ya zo ya wuce. Na uku shi ne namu na kullum, kuma shi ya fi kowa shiga haɗari. Muhawarar ko Ruwanda ko Afirka ta Kudu ce za ta dawo da Formula 1 nahiyar tana da daɗin ji, amma ko an yi hakan, 'yan ƙalilan ne daga Kebbi za su iya biyan kuɗin jirgi da masauki da tikiti. Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Masarautar da ta san yadda ake tsayar da ɗaruruwan dawakai a gaban sarki ba tare da an taka yaro ba, ta riga ta san yadda ake shirya tsere. Saura ta yarda cewa babur ɗin ɗan kabu-kabu ya cancanci fili da dogari kamar yadda dokin barde ya samu, domin yaron da ya fito kallo da rana ya koma wurin uwarsa da magariba.